Hoton Da Ya Ƙi Tashi

Yamai, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga tsohon angona, Mushe Safiyanu, tsohon malamin makaranta, Zango.

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Gwaggo Rabi da duk mutanen gida. Ni lafiyata lau, in ban da zazzaɓi da ya ɗan kwantar da ni, shi ma ya wuce. Karatu yana tafiya. Tun da ka rantse ba za ka yi hira da jikarka ta waya ba, wai maganar waya iska ce, ga ni na zauna na rubuta kamar ɗaya daga cikin 'yan lakwal ɗinka, ɗalibanka na Takieta.

Ka buɗe kunshin nan a hankali. Akwai hotuna a ciki, da wani tabarau na kwali, ido ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Ka gaya wa Gwaggo ba na wasan yara ba ne, kada ta share shi da shara.

Ka tuna motar nan marar matuƙi da aka sauke a duniyar Mars, wadda ka kafa wa rediyo kunne saboda ita, har ka raɗa mata suna Jaki, wai don a hankali take tafiya tana tsayawa tana shinshinar duwatsu? To ashe jakin naka idanu biyu gare shi a kan dogon wuya, da 'yar tazara tsakaninsu kamar na mutum. Kowane ido yana ɗaukar nasa hoton, sai a haɗa biyun a takarda ɗaya, wannan da ja, wancan da shuɗi. Shi ya sa za ka ga hotunan kamar na'urar bugawa ta yi kuskure. Amma ka sa tabarau, jan a hagu, ka kafa ido, ka ɗan jira. Hoton zai tashi. Ban san wata kalmar da zan kira shi da ita ba. Dutsen gaba zai fito har ka ji kamar ka ɗauke shi, ramin da ke bayansa ya zurma, tudun ya ja da baya can nesa. Ranar da malaminmu na ilimin duwatsu ya nuna mana, sai da na miƙa hannu na bugi takarda, 'yan aji suka yi ta yi mini dariya.

Kai ka fara nuna mini jan tauraron nan ina ƙarama, ka ce ba tauraro ba ne, ƙasa ce kamar tamu. Ka ƙare ƙuruciyarka kana zana duniyoyi da alli, ba ka taɓa ganin ƙasar ko ɗaya ba. Ina so ka tsaya a kan wannan kafin ka ƙara tsufa, in akwai sauran tsufan da ba ka yi ba.

Ka gaishe da Gwaggo, ka ce ina jiran yajin da ta yi alkawari.

Amaryarka,
Ummul Khairi

*

Zango, Damagaram, 20 ga Nuwamba

Zuwa ga amarya marar kunya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso ta hannun Lawali shofer, direban motar haya. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba da sa'ar karatu. Mu nan sai godiya. Gwiwa ce kawai ke yi mini gardama wajen sujada, ita kuwa tsohuwar abokiyar faɗa ce. Rubutunki har yanzu kamar tafiyar tsutsa, da a ajina kike da kin sake shi.

Na fita da kayanki ƙofar gida bayan la'asar, wajen Mamman mai shayi, inda muke zama. Da na sa tabarau aka kwashe da dariya, wai na zama ɗan fim. Na bar su suka gama, sannan na miƙa wa Mamman. Bai daɗe ba ya janye ƙafarsa, ya ce dutse zai faɗo masa. Musa tela da ya karɓa ƙin cirewa ya yi, sai da aka ƙwace. Duk wanda ya sa ya ga abin da kika faɗa.

Ni kuwa, mai kayan, ban ga komai ya tashi ba. Shimfiɗe yake kamar tabarma. Kuma kin kunyata ni. Shekara da shekaru ina gaya wa 'ya'yan mutane duniyar nan ja ce, ga shi da na sa tabarau shuɗiya nake ganinta, kamar an tsamo ta daga marina. Da na juya shi baibai sai ta koma ja wur. Ko ja ko shuɗi, ba ta taɓa haɗa mini biyun ba. Ina jin tabarau na samari kika aiko, ya ga furfura ya ƙi aiki.

Amma ko ba shi ina kallo, kullum da hantsi. Duwatsun kamar na bayan Birni, sai dai babu akuya, babu leda, babu yaron da ya hau ya rubuta sunansa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda jakin ya waiwaya ya ɗauki sawunsa. Layi biyu a cikin rairayi, sun taho daga nesa, ba sawun kowa kusa da su. Na daɗe ina tunani, ƙasa guda sukutum, ba a taɓa haƙa kabari a cikinta ba. Ban sani ba ko in yi mata murna ko in ji tausayinta. Na gode, yarinya, kin faranta mini.

Ga yajinki nan da ƙuli-ƙuli. Rabi tana gaishe ki.

Angon da kika raina,
Safiyanu

*

Yamai, 4 ga Disamba

Tsoho,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaji ya iso, abokan ɗakina sun kusa cinye shi kafin in ɗanɗana. Ina lafiya, sai dai jarrabawa ta matso, kaina ya ɗauki zafi. Yaya gwiwa?

Na yi dariya har hawaye da shuɗiyar duniyarka. Mamman mai shayi ya gani, Musa tela ya gani, sai direktan lakwal guda ne ya faɗi jarrabawa? Na san abin da kake yi. Kashe mata ido ɗaya kake yi, irin na samarin da. Ka daina, ni ban yarda a kashe wa kowa ido ba ina raye. Buɗe su duka biyun za ka yi, ka riƙe takardar nesa kaɗan, kada ka yi gaggawa.

Ga wani tabarau na roba, ya fi na kwalin nan kyau, na roƙo shi wajen malaminmu. Na haɗa maka da sabon hoto, wata gaɓa ce mai hawa-hawa, an ce a da can ruwa ya taɓa gudana a gindinta. Wannan ko jariri ya sa sai ya tsorata. In wannan ma bai tashi ba, to laifin ba na kaya ba ne. In kuwa makancewa ka yi, ka faɗa mini da wuri in nemi wani miji tun ina da sauran kasuwa.

Ba zan zo hutun ƙarshen shekara ba, za mu zauna bita. Ka yi mini addu'a.

Taka,
Ummul Khairi

*

Zango, 22 ga Janairu

Amarya,

Bayan gaisuwa. Na san kin ji ni shiru. Ba fushi ba ne, rubutun ne ya koma yi mini nauyi, layi yana gudu daga ƙarƙashin alƙalami. Jiki da sauƙi. Muna ta addu'a kan jarrabawa.

Sabon tabarau ya iso, yana da kyau, ya zauna a hanci daram. Gaɓar taki ma na gan ta, shuɗiya, a kwance. Kin ce in na makance in faɗa da wuri. To ki fara dube-dube, kada a ce ban faɗa ba. Ki nemi mai mota.

Ga labarin mijin naki kwanan nan, ki yi dariya. Na karɓi buta zan zuba wa kaina shayi, na zuba shi sarai a kan ƙafar Mamman, kofi yana gefe yana kallona. Na ce kofin ne ya matsa. Ranar Juma'a dakalin masallaci ya yi mini irin wannan, na ɗaga ƙafa inda babu shi, sai da aka tallafe ni. Shekaranjiya kuma wani ɗan kabu-kabu ya shafi hannun rigata ta hagu wajen kasuwa, yana ta zagi, ni kuwa wallahi sai da na ji iskarsa na san da shi. Yaran yanzu daga ƙasa suke tsirowa.

Rabi ta dame ni da maganar gidan likita. Na ce mata yanar ido ce irin ta tsofaffi, wadda aka cire wa Mamman bara. Shi ma cewa aka yi ya koma gida sai ta nuna. To me zan je in yi, in bi layi tun safe a ce mini ɗanya ce? Ina nan ina jira ta nuna, kamar mangwaro.

In kin samu hoton da jakin ya ɗauki faɗuwar rana a can, ki aiko. Na ji a rediyo wai ƙarama ce ranar tasu.

Safiyanu

*

Yamai, 5 ga Fabrairu

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Gwaggo. Wannan takardar ba ta wasa ba ce, don Allah ka karanta ta yadda na rubuta ta.

Takardarka ta hana ni sukuni. Na koma na ɗauko ta farko, na sa tabarau, na rufe idon hagu da tafin hannu. Kaka, duniyar ta koma shuɗiya, a kwance. Na juya tabarau, ta koma ja. Duk abin da ka faɗa tun Nuwamba shi na gani. Da ido ɗaya kake kallo, kuma ka gaya mini, ni kuwa na zauna ina dariya, har na rubuta maka maganar neman miji. Kunyar wannan layin ta ishe ni, in da hali da na karɓo shi.

Na kai wa Zuliha takardunka, abokiyar ɗakina da ke karatun likita. Ta ce ba za ta yanke hukunci daga nesa ba, amma ba kowane duhun ido ne yana ba. Akwai wanda suke kira tansiyon ido, wato hawan jinin ido. Ba ya ciwo, daga gefe yake ci, ba ya jiran ya nuna, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. In ya gama da ɗaya sai ya koma ɗayan. Ta ce in an kama shi da wuri ana tsayar da shi da maganin ɗigawa. Ta ce a auna ka cikin makon nan, ba wata mai zuwa ba.

Jiya da na kira wayar Gwaggo ka karɓa ka ce da sauƙi, ka tambaye ni ko na samu mai motar, ka miƙa mata. Na yi kuka bayan nan. Ban san yadda ake yi maka magana ba tare da wasa ba, ba ka taɓa koya mini ba.

Ka rufe idon dama da hannu, ka dubi ƙofa, ka gaya mini gaskiyar abin da ka gani. A farkon Maris za a kai mu duwatsun Ayar, can wajen Agadas, aikin fili, wanda bai je ba sai ya maimaita shekara. Na riga na yanke shawara. In ban ji ka je likita ba, ko ka ga hoton nan ya tashi da idonka, ba zan je ba. Mota zan hau in taho in kai ka da kaina.

Jikarka,
Ummul Khairi

*

Zango, 16 ga Fabrairu

Amarya mai rigima,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Ki share hawayenki, ki ajiye kuɗin motarki.

Ya tashi.

Laifina ne tun farko. A cikin zaure nake ta kallo, inda duhu ya yi yawa, kuma a kan tabarau na karatu nake ɗora naki. Shekaranjiya na fito tsakar gida da hantsi, na cire nawa, na sa naki shi kaɗai, na jira kamar yadda kika ce. Sai ga dutsen gaba ya fito har na ji kamar in ɗauke shi, ramin da ke bayansa ya zurma, tudun ya ja da baya can nesa. Gaɓar nan kuwa sai da na janye ƙafata. Na tsaya a kan ƙasar, yarinya, burinki ya cika. Ki gaya wa ƙawarki likita na gode, amma ta ƙara karatu.

Na yi gwajin da kika ce. Idon hagu yana da ɗan hazo, shi ne yanar da na gaya miki. Za a je a duba bayan azumi, in Allah ya kai mu, na yi wa Rabi alkawari.

Maganar maimaita shekara kada in ƙara jin ta. Ubanki ya rasu bai ga kin shiga jami'a ba. Ni na gani, kuma ina so a ce ina da rai kika fito. Ki tafi duwatsunki. Ki duba mini ko sun yi kama da na can, ki ɗauko mini ƙarami ɗaya in sa a aljihu.

Layin neman miji kuwa, ni na koya miki irinsa tun kina rarrafe. Ba a karɓar sa.

Angonki har gobe,
Safiyanu

*

Agadas, 3 ga Maris

Tsoho mai tsoratar da mutane,

Gaisuwa cikin gaggawa, gobe da safe motoci za su shiga da mu cikin duwatsu. Lafiyata lau. Alhamdu lillahi, takardarka ta sauke mini dutse daga ƙirji, na karanta ta har ta yi laushi. Ashe duhun zaure ne ya kusa sa ni maimaita shekara. Sai ka biya ni.

An ce can babu layin waya, kuma daga nan za a wuce da mu wani wurin haƙar ma'adinai, don haka za ka ji ni shiru har bayan salla. Kada ka manta alkawarin likita. Ga faɗuwar ranar da ka roƙa, na bugo maka kafin mu taso. Wannan ba ta bukatar tabarau, kuma a wannan karon ka yi gaskiya, shuɗi-shuɗi ce.

Allah ya sa mu ga azumi lafiya.

Amaryarka,
Ummul Khairi

*

Zango, 14 ga Mayu

Ummul Khairi,

Assalamu alaikum. Za ki ga rubutun ba na kakanki ba ne. Ni ce, Rabi. Shi yake faɗa ina rubutawa, ga abin da ya ce:

"A gaishe da amarya, a yi mata barka da salla da barka da dawowa. Lawali ya ce ya gan ki a tasha kin yi baƙi. Ni lafiya lau. Na ɗauki sakatare ne saboda girma ya zo. Ki zauna ki rubuta rahotonki, kada ki zo sai an yi hutu. Dutsena yana nan dai ko?"

Nan ya tsaya, ya ce in rufe. Na ce to. Ya fita wajen Mamman, ni kuma na ci gaba, domin ku biyu komai a wasa kuke faɗarsa, ni kuwa ba abokiyar wasan kowa ba ce a gidan nan.

Baba ba ya gani, sai kaɗan. Cikin azumi na fara samunsa yana lalube bango kafin ya kai randa. Na yi magana, ya ce yunwa ce. Bayan salla na same shi a tsakar gida da takardarki ta Agadas, yana jan ta a gaban idon dama, kalma ɗaya-ɗaya, kansa yana bin ta. Ranar ban nemi izininsa ba, na kira mota.

Likitan ido ya ce ba yana ba ce, abin da ƙawarki ta faɗa ne. Na hagu ya daɗe da mutuwa. Na dama saura tsakiyarsa, kamar mai leƙe ta cikin kara. Ya tambayi tun yaushe, Baba ya ce kwanan nan, ni na ce tun lokacin kaka. Likitan bai yi faɗa ba, ya ce dai da an zo a watannin baya da abin da za a tsare ya fi haka yawa. Ya ba da maganin ɗigawa safe da yamma. Na tambaye shi ko sauran zai tsaya, ya ce ba zai yi mini alkawari ba.

A hanyar dawowa na ce, Baba, ba ka rubuta wa yarinyar nan cewa ka ga hoton ya tashi ba? Domin ni ma da wannan maganar ya rufe mini baki. Ya ce bai taɓa gani ba. Takardarki ta farko ya ɗauko ya kwafe, sauran kuma abin da ya ga Mamman ya yi ne. Ya ce, "Da na faɗi gaskiya da ta hau mota. Ba za ta zubar da shekara saboda idon da ya gama aikinsa ba." Na ce ai na daman bai gama ba a lokacin. 

Ban rubuta don ki ɗora wa kanki laifi ba. Ni ina gidan, ina ganin shayi yana zuba a ƙasa, na yarda da maganar mangwaro. In akwai laifi nawa ya fi. Hotunan suna nan ƙarƙashin matashinsa, ba ya bari a taɓa, amma ya daina fito da su.

Ya ce kada ki zo sai hutu. Ni na ce ki zo ranar Juma'ar nan, ko kwana biyu ne, rahoto ba zai gudu ba. Ba zai taɓa roƙonki ba, kin san shi. Amma ban san abin da zai rage ba kafin hutu, likitan ma bai sani ba.

In kin zo kada ki shigo da magariba, ba zai ga komai ba. Ki bari sai hantsi, yana zaune a tsakar gida. Kada ki durƙusa a gefe ki sunkuyar da kai yadda muka koya miki, gefe ya riga ya tafi. Ki zo gabansa sosai, ki ɗaga fuskarki, ki tsaya cik, domin kaɗan-kaɗan yake bin fuska kafin ya haɗa ta, goshi, sannan ido, sannan baki. Zai daɗe, ki daure, kada ki ce komai sai ya gama. Haka ya yi mini jiya. Da ya gama ya ce, "Ashe kin yi furfura, Rabi, ba wanda ya gaya mini."

Allah ya kawo ki lafiya.

Gwaggonki,
Rabi